Ɗumin Hannun Kure

Ushafa, Mayu

Khaula,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya Gwaggo da ciwon ƙafarta? Ni dai jiki alhamdu lillahi. Amai ya tsaya, barci ya fara zuwa, hannuna ne har yanzu yake rawa, don haka ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tonon kaza.

Ba a barin waya a nan. Mista Jonah, wanda yake kula da ɓangarenmu, ya ce in na rubuta zai ɗauki hoton takardar ya tura miki, in kin ba da amsa ya buga mini ita a ofis. Na daɗe ina tunanin wa zan rubuta wa. Abba bai yi mini magana ba tun ranar da direba ya kawo ni, ranar ma daga ƙofar falo ya tsaya. Mami kuka take yi da ta ji muryata. Ameera ƙanwata tana shirin aurenta, ba na son sunana ya shiga cikin hidimarta. Ke kaɗai kika rage, taubashiyata, wadda ko zagina za ki yi sai kin haɗa da dariya.

Kin san abin da ya kawo ni, ba sai na maimaita ba. Ke kina Zariya kina koyon haɗa magani, ni ina nan ana koya mini yadda zan bar shansa.

Gidan yana gindin dutse, bayan unguwar masu ginin tukwane. In iska ta juyo har ƙaurin gashin tukwanensu muke ji. Da safe shara da ban ruwa a lambu, da hantsi a zauna a kewaye kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ni ba na cewa komai. Akwai ɗan acaɓa, akwai tsohon soja, akwai ma'aikacin banki. Sun ji daga Maitama, unguwar manya a Abuja, aka kawo ni, sai suka sa mini Oga Loya, alhali kin san ko rabin karatun lauyan ban yi ba aka sallame ni. Duk sanda suka kira ni da sunan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Laraba Mista Jonah ya ce tunda na ƙi ba da labarina, to in ba da na ƙarya. Har an fara miƙewa, sai kawai na ji bakina yana magana. Na ce akwai wani birni a bayan duwatsu, sunansa Garwashi, inda ake haihuwar kowa da wuta a tafin hannunsa. Maƙera da tasu suke narka ƙarfe, mata da tasu suke girki, mayaƙa kuwa sukan wurga tasu ta cinye daji. Sai aka haifi wani Kure a gidan Sarkin Yaƙi, shi tasa wutar ko lagwani ba ta kamawa. Ɗumi ne kawai, irin na ƙwan da kaza ta tashi daga kansa. Uban ya ajiye shi a bayan gida yana ɗebo wa dabbobi ruwa, in baƙi sun tambaya a ce bara ne.

Nan na tsaya, don ban san gaba ba. Tsohon sojan ya ce, "Oga Loya, to me ya faru da yaro ɗin?" Yanzu kullum sai sun tambaye ni. Ke da kike cinye littattafai kamar gara, me ake yi da irin wannan mutum?

Ki gaida Gwaggo, amma kada ki ce mata daga nan na rubuto.

Naki,
Fatihu

Zariya, Mayu

Ɗan Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai karatu da ya sa ni a gaba. Gwaggonka ƙafar ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani. Kuma ta san inda kake, kullum kana cikin addu'arta, saboda haka ka bar wannan ɓoye-ɓoyen. Rubutunka kuwa dama can tonon kaza ne tun muna firamare, kada ka ɗora wa jinya.

A bakin ɗakin gwaji na karanta takardarka. Na yi dariya, daga baya na je na wanke fuskata kafin in koma aji. Ba zan yi maka wa'azi ba, na san kana samun wanda ya ishe ka a can.

Mu zo kan Kure. Roƙona ɗaya ne. Kada ka sa wata tsohuwa ta ɓullo daga kogo ta ce masa ashe shi ne mai wutar da ta fi ta kowa, an dai rufe ta ne da asiri. Na gaji da irin wannan. Duk labarin da na ɗauka, mara ƙarfi sai an gano jikan sarkin aljanu ne kafin a ga mutuncinsa. To mu da ba jikokin kowa ba fa? Ka bar shi da ɗan ɗuminsa mu ga abin da zai iya yi da shi. Sannan ka kawo wa garin masifa, don mutum ya yi ta ɗiban ruwa ba labari ba ne.

An tsayar da auren Ameera cikin Satumba. Na ga ankon, kore shar, duk za mu fito kamar gonar alayyahu. Kawu Ibrahima, Abbanka, ya kira Gwaggo shekaranjiya, sun daɗe suna magana, da ta fito idonta ya yi ja. Ban tambaye ta ba.

Ka ci abinci ko ba daɗi. Ka turo mini ci gaban labarin, in ba haka ba zan haɗa kai da sojan nan.

Taubashiyarka,
Khaula

Ushafa, Yuni

Khaula,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗin jin sauƙin Gwaggo, Allah ya ƙara afuwa. Ni kwanakin nan jikin ba ya yi mini daɗi. Ba ciwo ba ne, nauyi ne kawai, ko cokali na ɗaga sai in ji kamar taɓarya.

Ranar Asabar wasu 'yan ƙungiya suka kawo mana ziyara da katan-katan na sabulu da taliya. Aka jera mu muna yi musu sannu da zuwa. Cikinsu har da wata da muka shiga jami'a tare, yanzu ta zama lauya. Ina riƙe da tsintsiya ta hango ni. Ta matso ta ce, "Fatihu? Kai ne?" Na ce mata ba ni ba ne, kama ce. Khaula, da sunana a rubuce a ƙirjin rigar da ke jikina. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce in yi haƙuri, ta wuce. Na shiga banɗaki ban fito ba sai da na ji tashin motarsu.

Masifar da kika ce in kawo, na kawo. Wata halitta ta sauko daga duwatsu, ana ce mata Uwar Toka. Ba ta cin nama, wuta take sha. Duk wanda ta lasar wa tafi sai wutarsa ta mutu, jikinsa ya yi sanyi, ya zauna inda yake kamar turmi, ido buɗe, ba magana, har rai ya yi halinsa. Sarkin Yaƙi da sauran 'ya'yansa suka tare ta a ƙofar gari. Kure yana wurin da tulunsa, an sa shi ya kai wa mayaƙa ruwa. Da ya ga ta sunkuya kan hannun ubansa sai ya saki tulun ya zura da gudu. Bai tsaya ba sai a wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bayan gari. Ya sauka, ya zauna a ƙasanta, ya toshe kunnuwansa.

Mutanen gidan nan sun ce in fito da shi. Na duba na rasa dalilin da zai sa ya fito. Wa yake jiransa a sama? Da wace fuska zai shiga garin? Ni a ganina can ne ya dace da shi.

Na gaji, Khaula. In ba ki sake ji daga gare shi ba, ki yafe mini lokacinki da na ɓata. Ki ce wa Ameera Allah ya ba su zaman lafiya.

Fatihu

Zariya, Yuni

Fatihu,

Sallama. Ban san ko wannan za ta iske ka ba. Me kake nufi da "in ba ki sake ji daga gare ni ba, ki yafe mini"? Me ya sa kake yi wa Ameera addu'ar aure tun yanzu kamar ba za ka ga ranar ba?

Na kira Mista Jonah, wayarsa a kashe. Na yi ta kira har cajina ya ƙare, na karɓi ta ƙawata na ci gaba. Da na rasa yadda zan yi sai na kira Kawu. Ya ce in turo masa abin da ka rubuta, na tura masa duka takardun.

Ka yi fushi da ni in ka ga dama, amma ka yi shi kana raye. Don girman Allah ka ba ni amsa.

Khaula

Ushafa, Yuli

Khaula,

Wa alaikis salam. Lafiyata ƙalau, kamar yadda take tun kafin ki ta da duniya.

"Shi" na rubuta, ba "ni" ba. Daga gare shi, wato Kure. Nufina na bar labarin, shi ke nan. Mista Jonah kuwa ƙauyensu ya je jana'iza, inda ba sabis.

Bari in gaya miki abin da kika jawo. Washegari da hantsi muna zaune a kewaye sai ga motar ofis ɗin Abba. Kowa ya leƙa. Aka kira ni wurin shugaban gidan. Kafin azahar an karɓe bel ɗina da reza da igiyar takalmi, an mai da ni ɗakin da ke kusa da nas, ƙofa a buɗe. Ko banɗaki zan shiga sai wani ya tsaya a bakin ƙofa yana yi mini magana don ya ji ina amsawa. Wandona da hannu nake riƙe shi in ina tafiya. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi da abin da aka gaya musu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abba ya zauna a ofis da takarduna a buge a hannunsa, ya ja layi da jan biro a wurare kamar fayil ɗin da aka kai masa ya sa hannu. Ya karanta mini inda na ce uban ya ajiye ɗansa a bayan gida, in baƙi sun zo a ce bara ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka kake ganina?" Takalminsa na yi ta kallo har ya miƙe. Mami tana mota, ta kasa shigowa.

Na san tsoro kika ji. Da kiran kawai kika yi da na fahimta. Amma abu ɗaya nake da shi a gidan nan da ba a bincika ba, ana buɗe jakata, ana gwada fitsarina, ana duba ƙarƙashin harshena in na sha magani, shi ne kika ɗauka kika miƙa wa mutumin da na fi jin kunya a duniya.

Kada ki rubuto yanzu.

Fatihu

Zariya, Agusta

Ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Ka ce kada in rubuto, na yi biyayya har na kasa. Ina fata jiki yana ƙara ƙarfi. Mu nan lafiya, ruwa ne kullum, Gwaggo har ta fara zuwa kasuwa da ƙafarta.

Na buɗe hoton takardar nan na ƙara girmansa. Ga "shi" nan ɓaro-ɓaro. Na zauna ina kallonsa, na rasa inda zan sa kaina. Ni da ake koya wa karanta rubutun likitoci, harafi biyu suka kayar da ni. Tun ranar ko sunanka aka ambata a gida sai in tashi in ba da wuri.

Ba zan yi maka ƙarya ba. In da yau zan sake karanta irin wannan takarda daga gare ka, zan sake kira. Abin da ba zan sake ba shi ne tura takardunka. Amana ce ka ba ni, na bayar ba da izininka ba. Ka yafe mini.

Ga abin da ya sa na karya dokarka. Kawu ya nema maka izinin yini guda don ɗaurin auren Ameera, kuma an ba shi. A dangi an rabu. Wasu suna cewa a bar ka inda kake, dangin ango manyan mutane ne, kada a yi abin kunya. Ba zan faɗi sunaye ba, ka san su. Ameera ta ce yayanta ɗaya ne a duniya, in ba ya wurin ita ma a ɗaura ba ita. Kawu bai ce wa kowa komai ba, tela kawai ya aika wa tsohuwar rigarka ya auna.

Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Na ga gara ka ji daga bakin da ya saba yi maka katoɓara.

Khaula

Ushafa, Satumba

Taubashiya,

Wa alaikis salam wa rahmatullah. Ina fata kun koma Zariya lafiya, ya gajiyar biki? Ni lafiya lau, har na ɗan yi ƙiba. Maganar yafiya ta wuce. Fushin ya daɗe da tafiya, nauyin abin da na rubuta miki ne ya hana ni ɗaukar biro.

Kure ya fito daga rijiya tun cikin Agusta. Sojan nan ne ya hana ni sakat. Ba wanda ya kira Kuren, ba kuma zuciya ya yi ba. Shirun garin ne ya dame shi, ko kukan jaki babu. Da ya hau sama ya tarar da mutane zazzaune a hanya, sun yi sanyi. Uwar Toka ta zo ta shinshina tafinsa, ba ta ga abin lasa ba, ta wuce, shi kuwa fitsari har ƙafa. Ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai sai da daddawa ya riƙe hannunta, don bai san abin da zai yi ba. Can sai yatsanta ya motsa. Wutarta ba ta dawo ba, amma ta ja numfashi. Sai ya koma kan na kusa da ita. Haka yake bi gida-gida, kafin ya kai ƙarshen layi na farkon ta sake hucewa, ya dawo ya faro. Ƙofar gari inda ubansa yake zaune ce har yanzu yake kewayewa. Ban matsa masa ba.

Na san kin neme ni a wurin walima ba ki gan ni ba, na kuma san abin da aka riƙa faɗa a ɓangaren mata, cewa na sulale na tafi neman abin da na saba. Ga yadda aka yi.

Direba ya ɗauke ni da safe. A masallaci na tsaya can baya. Bayan ɗaurin aure aka dawo gida, rumfuna har bakin titi. Kowa ya miƙo mini hannu sai ya ce "ya jiki?" yana leƙen idona. Wani daga cikin iyayenmu na ji yana gaya wa dangin ango wai kwas na tafi. Na shiga ciki na ga Ameera, ta riƙe hannun rigata tana kuka tana ɓata kwalliyarta, har aka kore ni.

Ina fitowa sai ga Tawfiq a wurin ajiye motoci. Kin san shi, wanda muke yawo tare a da. Ya rungume ni, ya ce na yi kyau, ya zura mini wani abu a aljihu ya ce, "Kyautar biki, kada ka ce ban yi maka komai ba." Kafin in yi magana ya shige cikin mutane.

Ba zan ɓoye miki ba, na so shi. Bakina ya cika da yawu. Na tafi bayan gida wajen tankin ruwa na tsaya, hannuna cikin aljihu. Na ce in jefar a kwata, sai na ga na san kwatar, zan dawo in tsince shi. Na ce in ba mai gadi, sai na ga zan iya karɓewa da baki. Mutum ɗaya ne a gidan da in abin ya shiga hannunsa ba zan iya roƙonsa ya dawo mini da shi ba.

Abba yana babbar rumfa tsakiyar abokan aikinsa da iyayen ango. Tafiyar nan daga tanki zuwa rumfa, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na durƙusa gefen kujerarsa, na kamo hannunsa na sa masa, na ce, "Abba, wani ne ya ba ni. Ban sha ba. A mai da ni yanzu, in na kai magariba a nan zan sha." Na so in yi a hankali, amma muryata ta fito. Na kusa da shi sun ji, wani ya kau da kai, wani ya gyara hula. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga shi kuma na riga na faɗa.

Abba ya dunƙule hannunsa. Sannan ya ce wa uban ango, "Alhaji, a yi mini uzuri, zan kai ɗana asibiti." Direba ya taso da gudu, Abba ya karɓi makullin ya ce ya zauna ya ci abinci.

Rabon da in ga Abba yana tuƙi tun ina sakandare. Ruwa ya tsuge mana a hanyar Kubwa, ga cunkoso a unguwar Dutse. Ya wuce kwanar Ushafa bai sani ba, ni kuma na kasa ce masa ya yi kuskure, sai da ya tsaya da kansa ya tambayi wani mai acaɓa. Da muka iso ya miƙa wa Mista Jonah abin, ya tambaye shi ranar ziyara, ya rubuta a bayan katin gayyatar auren.

Ya juyo ya ce, "Ba ka ci komai ba a can." Na ce ba na jin yunwa. Ya fita, na ɗauka tafiya ya yi. Sai ga shi ya dawo da gasasshiyar masara a ƙunshe cikin takarda, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, dangwalen laka har gwiwa. Muka zauna a bencin mai gadi muka ci, wayarsa tana ta ruri a aljihu bai ɗauka ba.

Ki gaida Gwaggo da kyau, ki ce mata daga Ushafa ne. In kun yi waya da Ameera ki roƙar mini gafararta, na ɗauke mata uba ranar aurenta.

Naki,
Fatihu